Tubalin Bayan Tsamiya

Shafi na 23

Da sunan Allah. Masu turo mini saƙo tun da asuba suna cewa na gudu da labari, ban gudu ba. Wayata ce ta faɗa bahon wanki ranar Talata, sai jiya mai gyara ya miƙo mini ita. A tsaye na rubuta wannan, in kun ga kuskure ku tsallake.

*

Sau uku Sista Susan tana ɗora na'urar gwajin dalma a jikin bangon yamma. Sau uku tana cirewa.

Mardiyya na tsaye a bayanta, ta naɗe takardun zane tana matsa su a hannu har sun lanƙwashe. Wannan gini shi ne aikinta na farko tun da ta gama karatun zanen gine-gine ta sauke bautar ƙasa. Ɗakin awon yara ne na Tungar Marke, ƙauyen da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta ɗebi yara shekara uku da suka wuce. Ita ta zana shi. Ita ta dage a yi shi da tubalin ƙasa da ake matsewa a inji, bango mai kauri, tagogi can sama kusa da rufi don zafi ya fita, da wurin wanke ƙafa a bakin ƙofa don kar kowa ya shigo da ƙurar dutsen zinare.

Saura kwana huɗu a buɗe shi.

"Sista, ki yi magana mana."

"Bari in sake gwadawa."

"Kin sake. Bangon gabas lafiya, na kudu lafiya, daɓe lafiya. Wannan fa?"

Susan ma'aikaciyar lafiya ce, 'yar kudancin Kaduna. Shekara uku ke nan tana yawo ƙauyukan nan da na'urarta, ta san kowane tsakar gida da kowane yaro da sunansa. Ta goge gilashin na'urar da gefen rigarta, sannan ta juyo.

"Kin san iyakar da muke yarda da ita a inda yaro zai zauna."

"Ɗari huɗu."

"To duba."

Mardiyya ta leƙa.

Dubu biyar da ɗari bakwai.

Ta ɗago, ta sake leƙawa, ko lambar za ta canza.

"Na'urar ta lalace."

"Ba ta lalace ba."

"Zafi ne ya taɓa ta. Kin bar ta a rana."

Susan ta ɗaga na'urar. Ta taka zuwa bangon gabas ta ɗora, ta jira ƙarar, ta nuna mata. Hamsin da biyu. Ta dawo bangon yamma, ta durƙusa ta ɗora a ƙasan taga. Sittin. Ta miƙe ta ɗora a saman taga.

Dubu shida.

"Daga taga zuwa sama ne," in ji Susan a hankali. "Ƙasan lafiya lau. Mardiyya, ƙasar da aka yi na saman nan ba ta kududdufin gada ba ce."

"Ta can ce! Ni da ke muka je. Wuri goma sha biyu muka gwada, kika sa hannu na sa hannu."

"Na sani. Amma dubi launinsu."

Ta duba. Tun wata guda da ya wuce ta lura tubalan saman sun fi na ƙasa duhu, kamar an zuba musu toka kaɗan. Ta ɗauka danshin damina ne bai gama fita ba. Har hoto ta ɗauka ta tura wa ƙawayenta na makaranta, ta rubuta musu cewa ƙasa ma tana da ado nata.

Ta fita waje da sauri.

"Baba Lirwanu!"

Shugaban magina yana saman tsani yana gyara bakin indararo. Dattijo ne mai furfura, shekara arba'in yana gini a ƙasar nan, kuma shi ne mutum na farko da ya daina kiran ta "yarinyar nan" ya koma ce mata Injiniya. Ya sauko a nutse yana share hannu a jikin 'yar shararsa.

"Injiniya, lahiya?"

"Baba, ƙasar bangon yamma. Daga ina anka ɗebo ta?"

Duk lokacin da hankalinta ya tashi Hausar makaranta guduwa take, ta Gummi ta dawo bakinta.

Ya dubi Susan da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi na'urar da ke hannunta. Sai ya mai da idonsa ƙasa.

"Ƙasa ai duk ƙasa ta."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

"Tubali bai yi kyau ba? Ki buga mai guduma ki gani."

"Baba, don girman Allah. Daga ina?"

Leburori biyu da ke kwaɓa siminti suka tsaya cak. Ya ɗaga musu hannu.

"Ku tahi ku sha inuwa."

Sai da suka yi nisa ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Bayan tsamiya."

"Wace tsamiya?"

"Wagga ta hanyar maƙabarta. Akwai tsohon kududduhi nan."

"Wa ya gwada ta?"

Ya sunkuyar da kai.

"Baba, wa ya ba ka izinin ɗibar ƙasar da ba a gwada ba? Sau nawa na hwaɗa? Ko cokali guda kar a sa sai Sista ta ɗora na'ura! A gaban mai gari na hwaɗa, a gaban mata na hwaɗa. Wa ya ba ka izini?"

Ya ɗago ya dube ta. Babu fushi a fuskarsa.

"Ke."

"Ni?"

"Ke, Injiniya."

"Ƙarya... " Ta kama bakinta. Ba a faɗa wa sa'an uba haka. "Baba, ka tuna dai da kyau."

"Na tuna. Ranar da ruwa ya cinye gada. Kina Gummi, Innarki na kwance asibiti. Na hau kan suri na bugo maki waya. Na ce maki, Injiniya, jakkai ba su iya ƙetare rahi, ƙasa ta ƙare, inji na zaune, yara na zaune. Na ce akwai ƙasa nan kusa. Mi kinka ce min?"

Mardiyya ta kau da ido daga kansa.

Ta tuna. Barandar asibiti, warin magani, ledar ƙarin ruwa a hannunta na hagu, waya a na dama, yayanta yana ƙwala mata kira daga ciki wai numfashin Inna ya canza. Murya tana yankewa tana dawowa. Ta ji "gada", ta ji "ƙasa", ta ji "kusa".

"Kinka ce, Baba ku ɗiba, kar aiki shi tsaya."

Takardun zanen suka zame daga hannunta suka warware a ƙasa. Iska ta ja guda ɗaya ta manna shi a jikin tayar baro. Ba wanda ya ɗauka.

"Na ɗauka... na ɗauka wannan gefen gadar kake nufi."

"Ba ki tambaya ba."

"Kai ma ba ka hwaɗa ba! Kwana takwas na yi na dawo. Wata guda muna tare kullum, muna cin abinci inuwa guda. Ba ka hwaɗa ba!"

"Awo. Ban hwaɗa ba."

Susan ta matso.

"Baba, ina da tambaya. Lokacin da aka kankare ƙasar gidajen garin nan aka zuba sabuwa, mun bi kowane wuri da aka taɓa niƙa dutse ko wanke shi. Mun roƙi kowa ya nuna mana. Bayan tsamiya ba ya cikin takardata."

"Ba shi ciki."

"Me ya sa?"

Ya nemi tubali guda ya zauna a kai. Ya cire hula ya riƙe.

"Da anka hana niƙa cikin gari, samari sun ɗan koma can. A ɓoye. Injin niƙa guda, da kwarkwaron wanke garin dutse. Wata biyar ko shidda sunka yi, sannan sunka tashi."

"Kuma ka sani."

"Injin na ɗana Naziru na."

Susan ta rufe ido.

"In na nuna wuri, na nuna ɗana. Mai gari ya rantse duk wanda anka kama hukuma za a miƙa shi. Sista, ɗiya biyu na binne cikin wata guda shekarar can, ke kinka zo gaisuwa. In miƙa na ukku da hannuna?"

"Ba wanda ya ce ka miƙa shi," Mardiyya ta ce. "Amma ka san abin da ke wurin, ka kwaso shi ka sa a bangon da za a kwantar da jarirai?"

"Damina ukku ta wuce a kai!" A karon farko ya ɗaga murya. "Damina ukku, Injiniya! Ruwa ya cika shi ya bushe, ya cika ya bushe. Ciyawa ta hito, awaki na kiwo nan. Har ƙasar sama, zurhin ƙwarya guda, na sa anka kankare anka zubar kahin a hwara ɗiba. Mi ad da ƙarhin da ruwan Allah ba ya wanke shi?"

"Dalma," in ji Susan. "Ba ta ruɓewa, Baba. Ba ta tafiya ko'ina. Ko jikan jikanka ya tona wurin nan zai same ta tana jiran sa."

Ya dube ta. Ya dubi bangon. Hular ta faɗi daga hannunsa.

Mardiyya ba ta iya tsayawa wuri ɗaya ba. Ta zaga ginin, ta dawo, ta sake zagawa. Ta ciro waya ta nufi surin da ke bayan fili, nan kaɗai ake samun sabis a garin. Ta haye tana tuntuɓe.

Oga Ebenezer ya ɗauka a bugu na biyu. Shi ne mai ɗan kamfanin da ya ɗauke ta aiki, shi ya yarda ya miƙa wa sabuwar hannu gini sukutum lokacin da kowa ke ce masa ganganci ne.

Ta gaya masa duka. Ba ta ɓoye maganar barandar asibiti ba.

Tana jin hon ɗin motocin Gusau ta bayansa.

"Bango ɗaya ne?"

"Rabin bango. Daga taga zuwa rufi."

"To saurara. A yi masa filastar siminti ciki da waje, mai kauri. A shafa fenti biyu. Abin da aka rufe ba ya tashi ya zama ƙura."

"Oga, filasta a kan ƙasa tsagewa take. Kai ka koya mini."

"Bayan shekara nawa?"

"Biyar. Ko uku. Yaro ya sa yatsa a tsaga ya ɓanɓaro ya kai baki. Akwai masu ciki ma da ke cin ƙasar bango, ka sani."

"Mardiyya, ranar Alhamis baƙi za su zo. Waɗanda suka ba da aikin nan suna da wasu ɗakuna shida da za su gina, har da na Adabka, kuma saboda zanenki suke son ba mu. In kika sauke rufi kika rushe bango, kowa zai tambayi dalili. Sunan wa ke kan takardar gwajin ƙasa?"

"Nawa."

"Shekararki nawa da fara aiki?"

"Wata tara."

"To?"

Ta dubi ginin daga kan surin. Daga nan ya fi kyau. Inuwar baranda ta kwanta daidai inda ta lissafa za ta kwanta da hantsi, kan dakalin da iyaye mata za su zauna.

"Zan rushe shi, Oga."

"Ba ki da wannan ikon."

"To ka zo ka hana ni. Amma ka zo da bakin da za ka gaya wa Sista Susan ta canza lambar da ta gani."

Ya ja dogon numfashi.

"Kar ki taɓa komai sai na iso. Gobe da safe ina hanya. Kin ji ni? Kar ki taɓa..."

Sabis ya ɗauke.

Ta sauko. Baba Lirwanu na nan inda ta bar shi. Susan ta tattara mata takardun ta danne su da dutse.

"Sista, in an rushe, ina za a kai su?"

"Rami mai zurfi, nesa da rijiya, a shimfiɗa leda a rufe. Kuma a jiƙa bangon kafin a taɓa shi, kar ƙura ta tashi. Ina bukatar in san yawansu."

Mardiyya ta ciro ɗan littafinta na aiki, ta buɗe shafin bangon yamma. Kanta ya fara aiki.

"Daga taga zuwa rufi layi goma sha ɗaya. Tubali ɗari shida da arba'in." Ta juya. "Baba, kwana nawa kunka yi kuna ɗiba can?"

"Shidda."

"Inji na buga ɗari biyu a wuni. Dubu da ɗari biyu ke nan." Ta tsaya. Ta sake bin lissafin da yatsa. "Ina sauran?"

Ya kau da kai.

"Baba. Kusan ɗari shida. Na duba fili, babu ko guda. Ina suke?"

"Ruwa ya buge su. Ba mu da tamfol isasshe, kina Gummi. Sunka hwashe, ba su ginuwa."

"To ina ɓaraguzan?"

Ya miƙe. Ya sake zama. Gumi ya keto masa a goshi.

"Uwani ta roƙe ni."

"Wace Uwani?"

"Mai ɗakina."

"Ta yi mi da su?"

"Ɗakin surukata na zuba, matar Naziru. Daɓen ya tone. Ta ce ƙasar Injiniya ta hi kowace laushi, in an daka ta anka yi daɓe kamar siminti..."

Susan ba ta jira ya ƙarasa ba. Ta rataya na'urar ta kama hanya da gudu-gudu.

Mardiyya ta bi ta. Suka ratsa ta gonar gero, ganye na yankar hannunta ba ta ji. Suka wuce masallaci, suka wuce mai injin markaɗe da ya ɗaga hannu yana gaisuwa ba wanda ya amsa. Tana jin takun dattijon a bayansu, yana haki yana salati.

Ko sallama ba su gama ba suka faɗa tsakar gidan.

Inna Uwani na bakin murhu tana tankaɗe. Mace ce mai fara'a, ita ke aiko wa Mardiyya fura kullum da azahar. Ta washe baki.

"Lale, lale! Injiniya da Sista yau a gidana? Habsu, kawo tabarma!"

"Inna, ina ɗakin da anka yi wa daɓe?"

"Ga shi nan. Kin zo ganin aikinmu? Shiga ki gani, wallahi ko tsintsiya ba ta kama komi."

Susan ta ɗage labule.

Ɗakin fes, daɓen sumul, mai duhu-duhu kamar saman bangon yamma. A tsakiya wata yarinya ce zaune, ba ta fi wata goma ba, daga ita sai ɗan kamfai da laya a wuya. Gutsuren ɗanwake ya faɗi daga hannunta. Ta bi shi da rarrafe, ta danne shi da tafi a kan daɓen, ta ɗauka ta kai baki.

"Ɗauke ta," in ji Susan.

Habsu, uwar yarinyar, ta tsaya da tabarma a hannu.

"Mi ya hwaru?"

"Ɗauke ta na ce! Ki wanke mata hannu da baki da sabulu, yanzu. Kar ki sake ajiye ta a nan."

Mardiyya ce ta riga ta. Ta sunkuya ta sure yarinyar, ta sa yatsa ta ƙwaƙulo ɗanwaken daga bakinta. Yarinyar ta callara kuka.

Susan ta durƙusa ta ɗora na'urar a kan daɓen. Ƙarar ta fito. Ta duba, ta kife fuskar na'urar a cinyarta.

"Nawa?" Mardiyya ta tambaya.

"Tun yaushe take kwana a nan?" Susan ta tambayi Habsu.

"Sati ukku. Ko huɗu. Sista, mi ya samu Husaina?"

"Tana cin abinci sosai? Tana amai? Ta taɓa sandarewa?"

"Shekaranjiya ta yi amai. Munka ce haƙori na." Muryar Habsu ta fara tsinkewa. "Ba haƙori ba na?"

"Yau za mu ɗebi jininta. A nemo babur, Anka za mu."

Baba Lirwanu ya iso, ya jingina da bangon zaure, ya kasa shigowa. Inna Uwani ta dube shi, ta dubi Susan, ta dubi daɓen. Rariyar ta sulale daga hannunta, gari ya watse.

"A'a," ta ce. "A'a. Wagga ƙasar Injiniya ta. An gwada ta. Injiniya, ba ke kinka tara mu gindin marke ba? Kinka ce duk ƙasar da ta shiga ginin ga an gwada ta, ko lasa yaro ya yi ba abin da ka samu nai?"

"Ni na hwaɗa, Inna."

"To?"

Mardiyya ta ƙanƙame yarinyar. Ta tilasta wa bakinta.

"Inna, ɗaki guda bai cin tubali ɗari shida. Sauran suna ina? In suna bayan gida ki nuna mana mu kwashe."

Tsohuwar ta sa hannu biyu a ka.

"Ba su nan."

"Suna ina?"

"Na ga abu mai tsabta, na ce ba ni ci ni kaɗai. Na ce wa ya hi bukatar ta in ba masu goyo ba?" Hawaye ya gangaro mata. "Da kaina na bi gida-gida da jaki. Duk wadda ta haihu bana na kai mata."

Susan ta miƙe tsaye a hankali.

"Gida nawa, Inna?"

Inna Uwani ta ɗaga hannu ta fara lanƙwasa yatsu tana kiran sunaye. Ta gama hannun dama. Ta gama na hagu.

Sai ta koma kan na dama.